Da Aka Ƙwace Wa Kaka Dare

Yayar mijina ta zo mana kwana biyu a Bagudo cikin hutun da ya wuce, kuma tun ba ta cire mayafi ba idonta ya sauka a kan 'yata Nafisa, wadda ke kwance a tabarma da littafi a fuska. Ta je wurin kantar littattafaina ta zaro ɗaya, ta ga hoton wani ƙaton kifi ɗauke da gari a bayansa. Ta zaro na biyu, ta tarar tun daga shafin farko tambaya ake yi, wai ta yaya mutum zai tabbatar abin da idonsa ya nuna masa haka yake. Ta ajiye su da sauri ta goge hannu a zane.

"Ke Hauwa," in ji ta, "ki kwashe littattahan ga ki kulle. Su za su ɓad da ɗiyag ga, ina hwaɗa maki."

Ban tanka ba a lokacin, don baƙuwa ce kuma gaba take da ni. Amma raina ya sosu, ba kaɗan ba. Wannan maganar ɓatan yaro ba yau na fara jin ta ba, kuma duk sa'ad da na ji ta Kaka nake tunawa.

Kaka ita ta haifi mahaifina. Daga ƙetaren iyaka aka auro ta zuwa ƙauyenmu da ke kusa da Kaoje, daga wani ɗan gari a ƙasar Benin, wadda ita har ta koma ga Allah Dahome take ce mata. Gajeruwa ce, mai kaifin murya, in ranta ya ɓaci sai Hausa ta gudu ta bar ta da Dendanci. A ƙarshen damina, lokacin da shinkafa ta fara nuna sauro kuma ya ƙoshi ya yi ƙarfi, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da busasshen kashin shanun da muke kwasowa daga rugar maƙwabtanmu, ta ɗora ɗanyen ganyen dogon-yaro a kai don hayaƙi. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye ta, ni da 'ya'yan Baffa, idanu na hawaye saboda hayaƙin amma ba mai matsawa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Ita sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ga wata ta taho daga ƙetare." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, akwai wuri."

Abin da ya bambanta ta da kowa shi ne ba ta ƙarasa labari. Za ta ja ka har inda zance ya yi zafi, ka miƙa wuya kana jiran a kama mugu a saka wa mai gaskiya, sai kawai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Na aje ta nan, mai ƙarhi shi ɗauka." Daga nan gardama ta ɓarke. Kowa ya faɗi yadda yake ganin ya kamata a ƙare, ita kuma tana ɓare gyaɗa tana yi mana dariya. In wani ya gaji ya ce ai haka manya suka ce, sai ta nuna shi da tsinke ta ce, "Wa yaj je yag gani?" Ni ce na fi kowa baki a wurin, har ta sa mini suna Uwar Gardama, kuma ba na jin an taɓa yi mini kirarin da ya kai wannan daɗi.

A wani dare irin wannan ta fara ba mu labarin 'yar masunci. Wai akwai wani gari a bakin wani kogi mai faɗin gaske. In mutanen garin suka hanga tsallake sai su ga wani gari kamar nasu, da rumbuna da itatuwa da jirage ɗaure a gaɓa. Manyansu sun daɗe da yanke magana cewa babu kowa a can, ruwa ne kawai ke nuna musu inuwar garinsu. Ana nan sai sarkinsu ya rasu, aka yi shela kada wanda ya hura wuta ranar don juyayi. 'Yar masunci ta je ɗibar ruwa, ta ɗaga kai, sai ga hayaƙi yana tashi a tsallake. Ta dawo ta tambayi ubanta, in wancan inuwarmu ce, wa ke girki? Ya buge mata baki. Ta tambayi uwarta, ta ce ta rufa musu asiri. Da gari ya waye sai ta ɗauki babbar gorar da ubanta ke hawa in zai shiga su, ta kwanta a kai da ciki, ta fara tuƙi da hannu. Kaka na kawowa nan sai yayyafi ya sauko ya fara kashe wutar, ta ce mu tashi, gobe ma rana ce. Ni dai ban yi barcin kirki ba.

Washegari kasuwa ke ci, Baffa ya yi baƙi a zaure. Baffa shi ne yayan mahaifina, shi ne mai gidan, mutum mai tsare gida wanda ko tari ya yi sai kaji sun natsu. Aka aike ni da ƙwaryar fura. Na durƙusa ina ajiyewa sai na ji yana ba su labarin wani ciniki da ya lalace, ya rufe da cewa mutanen ƙetare duk haka suke, babu mai amana ko ɗaya a cikinsu. Na san bai taɓa taka ƙasar ba, na kuma san daga ina Kaka ta fito. Bakina ya riga hankalina.

"Baffa, kai kaj je kag gani?"

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, amma sai wani tsoho cikin baƙin ya fashe da dariya har fura ta sarƙe shi. Na sha murɗar kunne wurin mahaifiyata ranar, kunnen ya kwana yana zafi. Amma in gaskiya za a faɗa, ban yi nadama ba a lokacin, kuma yanzu da furfura ta fara leƙo mini ma ban yi ba.

Da yamma Baffa ya tara matan gida ya kafa doka. "Daga yau ba yaron da za shi ƙara zama bakin wutag ga. Ƙarairayin ga su ka sa ɗiya mata tsaurin ido." Mu ya hana, don ba shi da bakin hana uwarsa. Ita ma ba ta da bakin yi masa gardama, saboda shi ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi doguwar magana. In tana son ya ji abu sai ta faɗa wa bango ko ta aiki yaro. Wato matar da ta koya wa gida guda gardama, mutum ɗaya ne a duniya ba za ta iya yi da shi ba, kuma shi ne ya rufe mata baki.

Ta ci gaba da hura wutarta tana zama ita kaɗai. Muna leƙenta ta hudar zana, tana ɓare gyaɗa tana tarawa a faifai ba mai ci. Bayan 'yan kwanaki ta daina hurawa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. 'Yar masunci na can tsakiyar kogi a kan gora, ni kuma na ɗauka haka zan girma in mutu ban san ko ta kai gaɓa ba.

Lokacin kuwa na korar tsuntsaye ne. Tun asuba ake tura mu fadama, mu hau 'yar rumfar da aka kafa a tsakiyar gona, muna jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye muna ihu, don in jan-baki suka sauka a shinkafa kafin ka farga sun yi mata aski. Wata rana, rana ta take tsaka, sai muka hango Kaka tana tahowa a kan kunya, sanda a hannu, taɓo har ƙauri. Ta shiga inuwar rumfa ta zauna, ta huta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ga wata ta taho daga ƙetare," in ji ta.

Ba wanda ya amsa. Duk ɗan da ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata zai yi, wata rana ya fita ya kasa gane hanyar gida. Kuma ba wani ya koya mana wannan ba, ita ce. Ko da wasa ka fara da rana sai ta jefe ka da abin da ke hannunta, don ita ta yarda da abin har cikin ranta. Na yi sauri na tsinko ciyawa zan ƙulla, yadda yara ke yi wai don a ɗaure sharrin, ta riƙe mini hannu.

"Bari, Uwar Gardama. Garinmu ba a san wanga rangwame ba. Wanda yay yi, ya yi."

Ta sake faɗa da ƙarfi, "Ga wata ta taho daga ƙetare!" Na ce, "Ta shigo, akwai wuri." Sai sauran suka biyo ni.

Wai 'yar masunci ta kai tsallake ta tarar da gari na gaske, mata na daka, awaki na kuka. Da suka gan ta sai kowa ya ranta a na kare, suna ihu inuwa ta fito daga ruwa, don su ma manyansu sun ce musu babu kowa a ɗaya gefen. Wata tsohuwa ta yi ta maza ta miƙo mata tuwo a gani ko inuwa na ci. Ta cinye tas, ta nemi ƙari. Sai suka ce lalle wannan inuwa ce mai yunwa. Ta yi rantsuwa ta gaji, ta karɓi wani ludayi mai zanen da ba a yi a garinsu, ta hau gorarta ta koma don ta nuna shaida. Mutanenta suka ce ai 'yarsu ruwa ya ci ta, har an yi sadaka, wannan inuwarta ce ta biyo hanya. Ta nuna ludayi, suka ce inuwar ludayi ce. Ta je ƙofar uwarta ta buga, tana jin kukan uwar daga ciki, amma ba a buɗe ba.

Mun shagala har mun manta da igiya. Gwangwanaye suka yi shiru, jan-baki suka sauka suna biki, kuma wannan shirun ne ya kirawo Baffa daga ɗaya gonar. Ya taho a fusace da tsumagiya, yana zuwa bakin rumfa ya ga wadda ke zaune, ya ji abin da take faɗa, sai ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi rana. Na ga fushin ya zube daga fuskarsa, tsoro ya maye wurin, don shi ma a gabanta ya tashi, ya san abin da ta yarda da shi.

"Ku ce mata ta bari," ya ce da mu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Rana ta, ku ce mata ta bari."

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta dubi wani kan shinkafa ta ce, "Ku ce ma mai gonag ga, dare anka ƙwace mani. Rana kau ba tashi ta ba."

Ta ɗora daga inda ta tsaya, ta ma ƙara murya. Wai 'yar masunci ta koma kan gorarta ta tuƙa zuwa tsakiyar kogi ta tsaya, tana ganin hayaƙi na tashi dama da hagu, ita kaɗai ta san duk garuruwan biyu na gaske ne. "To wane gari za ta? Kuma da ta sani, shiru ya kamata ta yi tun ranar da tag ga hayaƙi? Na aje ta nan, mai ƙarhi shi ɗauka." Ba wanda ya ɗauka ranar. Baffa ya jefar da tsumagiya ya juya, ko tsuntsayen bai kora ba.

Da magariba sai ga shi da kansa ɗauke da kwandon kashin shanu da ganye, ya zube a ƙofar ɗakinta, ya yi gyaran murya ya ce wa iska, "A ce ma mai ɗakin ga darenta na nan inda tab bar shi." Daga ciki ta amsa, "A ce mai an ji. Amma ranar da nis shiga, ba ni hita." Haka kuwa aka yi. Ta karɓi darenta, ta kuma riƙe ranar, a bakin rijiya ko wurin sussuka in labari ya zo mata sai ta saki. Baffa bai taɓa zama cikinmu ba, sai dai wurin alwalarsa ya riƙa matsowa kusa da zanar Kaka.

Shekaru suka tafi. Ina makarantar horon malamai, na zo hutu, na tarar tsufa ya fara kwashe wa Kaka sunayen mutane. Wata safiya aka duba ɗakinta ba ta nan. Kafin hantsi magana ta zaga ƙauye, mata na raɗa a bakin turmi, ai dama an faɗa, mai tatsuniya da rana ƙarshensa ke nan. Na ji kamar in shaƙe wata. Baffa, wanda gemunsa ya yi fari fat a lokacin, ya tada babur ya ce in hau, don wani lokaci takan gane muryata.

Muna tafe muna tambaya har kusa da iyaka. A wata ruga muka same ta, matan Fulani sun zaunar da ita a gindin kirya sun ba ta nono, tana ta yi musu Dendanci. Na durƙusa na kira ta, ta dube ni kamar baƙuwa. Ta juya ta zuba wa Baffa ido, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Ban san ku ba," in ji ta. "Gida za ni."

Muka yi lallashi, muka yi roƙo, ta riƙe saiwar itace ta ƙi tashi. Rana ta take, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Sai na ga Baffa ya tattara rigarsa ya tsuguna a gabanta. Ya ɗaga kai ya dubi rana, kamar yadda ya yi a fadama, sa'an nan ya sunkuyar.

"Ga wata ta taho daga ƙetare," in ji shi.

Leɓen Kaka ya fara motsi. Can ta ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Ya ba ta labarin 'yar masunci tun daga rasuwar sarki, bai tsallake ko ludayin ba. Tana saurare ta saki saiwar. Muka ɗora ta a babur tsakaninmu, ina riƙe da ita ta baya, yana tuƙi a hankali yana ci gaba da labari ta kan kafaɗa. Da ya kai inda yarinyar ke tsaye a tsakiyar kogi sai ya kasa barin ta a can. Ya ce, "Sai uwatta ta buɗe mata ƙohwa, tas shiga gida, sunka zamna lahiya."

Kaka ta ɗaga hannu ta ɗaka masa duka a baya. "Kai! Wa yaj je yag gani?"

Baffa ya yi dariya yana kuka har babur ya yi tangal-tangal, sai da ya tsaya ya share ido da hula.

Har yau a ƙauyenmu akwai masu cewa Kaka ta ɓata saboda tatsuniyar rana. Su yi ta faɗa. Tsofaffi nawa ne suka rikice ba su taɓa ba da labari ko da dare ba? Ni abin da na gani da idona shi ne matar da ta yi shekaru a wannan gaɓa ta tashi za ta leƙa waccan, kuma abin da aka ce zai ɓatar da ita shi ya dawo da ita gida. Na daɗe ina ɗauka darasin labarin shi ne a yi tambaya kawai. Sai da na girma na gane tambaya tana da tsada, mai yin ta kan rasa wurin zama a gari biyu, kuma Kaka ta san haka sarai ranar da ta tako taɓo ta same mu a fadama. Shi ya sa a cikin littattafai na fi ƙaunar waɗanda ke gina mini garin da babu shi don in ga namu da kyau, da na masu zurfin tunani da ke ajiye ni a tsakiyar kogi su tafi abinsu. Wanda ya tauna ya ba ni a baki ba ya daɗewa a kantata.

Da safe, muna shan kunu, yayar mijina ta sake tado maganar. Na bari ta gama, na ɗauko littafin kifin na ajiye a gabanta da ladabi.

"Yaya, wanga da kike tsoro, ke kin shiga kin gani?"

Ta sha kunu na biyu, wanda ba a dama da gero ba, ta ce ita ba ta da lokacin shirme. Na ce to, kantar nan ba ta da ƙofa, kuma ba kafintan da zai yi mata. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda duk mai kunne zai ji, na kira Nafisa ta zauna. Na ce ga wata ta taho daga ƙetare. Ta yi mini kallon mamaki, ta ce, "Mama, rana ce fa."

Na ce, "Na gan ta. Ke dai ki ce ta shigo."